Shuɗiyar Wuta

A Geben Zogi sanyi ya kashe min ƴan tsaki arba'in,
sai na kira Tankari.

Ya zo da kile da tiyo cikin buhun shinkafa,
ya auna kamu uku daga rufi
kafin ya rataye murhun.
Tukunyar gas ya tsayar waje, a inuwa.

Kowace gaɓa ya shafa mata kumfar sabulu,
ya tsuguna yana kallo
ko za ta hura.

Na ɗauko tsumma zan toshe taga,
ya tare ni:
"Wuta ma hanci gare ta, Ige.
In shuɗiya ce, kwanta.
In ta koma ruwan ɗorawa, rufe robine."

Ban kwanta ba.
Shuɗiya ce har asuba,
ƴan tsakin sun baje,
sun bar hawan juna.