Tsaga ta Arba'in da Uku

Ƙarfe biyun dare a Sitok.
A waje yayyafi yake kan tsoffin matoya masu wuyan kwalba,
waɗanda wuta ta yi wa ƙaura tun ba a haife ni ba.
A ciki tanderuna ya kai dubu da ɗari biyar,
ba kara, ba hayaƙi, sai jar lamba tana kallona.

Garin da na auna da la'asar ya fi tozali laushi.
A tsaga silin gashi gida dubu,
to, ga ƙwayarsa nan.
Da takunkumi nake kusantarsa,
kada atishawa ɗaya ta kwashe aikin wata guda.

Fari na zuba cikin fari, iri biyu da ba sa jituwa,
na matse su, na ba wuta amana.
Sau arba'in da biyu tana mayar mini da kasko.

Da safe dattijo Hollins, mai kula da injuna,
ya ɗauki ɗan faifan da bai wuce kwabo ba,
ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai kunne.
Haka ubansa ya yi wa kofunan shayi shekara talatin.
Haka Gwaggo Tabawa take wa tulu a bayan gidanmu,
kai a karkace, ido a rufe,
in ya yi ƙara ta ce, wannan zai ga jikoki.

Ita ce ke daka fasasshen kasko ta zuba cikin sabon yumɓu.
Na tambaye ta dalili, ta ce,
wanda ya taɓa shan wuta shi ke riƙe ɗan'uwansa.
Ba ta san sunan abin ba.
Ni na san sunan, da turanci, shafi ɗari biyu.

Muka sa shi a bakin inji.
Ya jure, ya jure,
ya wuce inda 'yan'uwansa suka sallama,
sannan ƙas.

Amma a madubin ƙara girma
tsagar ba ta miƙe ba.
Ta yi karo da ƙwaya, ta kauce, ta koma baya,
ta yi ta kwana-kwana kamar hanyar awaki a dutse,
sai da ta gaji.

Hollins ya miƙo mini shayi, ya huce.
Na rubuta lambar a littafi,
na wanke turmi,
na ɗauko ma'auni don na arba'in da huɗu.