Mai Tara A'a

Shekara goma sha tara ina tuƙa jirgin titi a Bremen,
ban taɓa take ko tantabara ba.
Sai wata Talata cikin Nuwamba,
ana yayyafi, ƙarfen hanya na santsi,
ga yaro a kan keke, da jar hula.
Bai mutu ba. Kowa haka yake faɗa mini:
bai mutu ba, Henning, har ya koma makaranta.
Amma hannuna na hagu bai ji labari ba,
har yau cikin barci birki yake ja.

Likitar unguwa ta auna ni sama da ƙasa,
ta ce ciwon ba a tsoka yake ba,
sai dai in nemi wanda ake zama gabansa
a yi ta magana har ƙullin ya warware.
Ofishin inshora suka ce madalla,
ga jerin likitocinmu, zaɓi wanda ka so.

Na buga waya.
Wata tara, in ji ta farko.
Wata goma sha huɗu, in ji na biyu.
Na uku na'ura ce ta amsa:
a kira ranar Laraba, bakwai da kwata zuwa bakwai da rabi.
Na kira. Layi a cike.

'Yata Merle ce ta gano dabarar.
Baba, in kana so su biya likitan da ba nasu ba,
sai ka nuna shaidar nasu sun ƙi ka.
Ta ja mini layuka a takarda:
suna, rana, ƙarfe nawa, me aka ce.
Haka na zama mai tara a'a,
ina ƙirga su da dare kamar kuɗin adashi,
har na kama kaina ina murna da ta sha ɗaya.
Wane irin ciwo ne sai an kore ka
kafin a yarda kana da shi?

Ilka Brodersen tana saman gidan burodi.
Kujera biyu, taga ɗaya,
agogo a bayan kaina don kada in yi ta kallonsa.
Yuro ɗari da goma kowane zama.
Na ɗebo daga kuɗin gyaran rufi;
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amsarsu ta zo cikin farin ambulan:
bayan nazari, ba za mu biya ba,
akwai gurbi a wani gari,
tafiyar minti hamsin kacal a jirgin ƙasa.
A jirgin ƙasa!
Ni da kukan ƙarfe a kan ƙarfe
ke jiƙa mini riga da gumi.

Ƙasan takardar, da ƙananan haruffa:
kana da wata ɗaya ka ɗaukaka ƙara.
Na zauna a kicin da biro.
Abin da ban faɗa wa Merle ba,
abin da na yi zama shida ina kewaye shi gaban Brodersen,
shi na zuba wa wani ma'aikaci da ban san fuskarsa ba:
ƙarar keken, tayar da ta ci gaba da juyawa,
jar hular cikin ruwa.
Shafi huɗu. Na sa hannu. Hannun bai yi rawa ba.

Cikin Afrilu suka yarda da zama goma sha biyu.
Na baya, sun ce, wannan kuma tsakaninka da aljihunka.
Rufi na nan yana ɗiga cikin bokiti.

Jiya na tsaya a tasha da ledar burodi.
Jirgin ya taho, Gunnar ne a kujerata,
ya ɗaga mini yatsu biyu.
Ban shiga ba.
Amma na kalle shi har ya sha kwana,
ido a buɗe.