Tubalin Kawu Ishaƙa

A Mai Wurno, bayan la'asar,
na gangara bakin Nilu da littafina a hammata.
Kawu Ishaƙa na cikin laka har gwiwa,
yana cuɗa ta da kashin shanu.
Bai ɗago ba ya ce, "Karanta,
ai ba da hannu nake ji ba."

Na karanta masa shafi uku:
wani mutum mai haƙuri, mai kyauta, mai fara'a,
rana ta fito masa, rana ta faɗi masa.
Kawu ya danna laka a akwatin katako,
ya shafe bakinta da tafin hannu.
"Mutumin nan naka, me yake nema?"
Na ce, ba komai, mutumin kirki ne.
"To gawa ka kawo mini, an yi mata wanka.
Ko jakin Gambo da ke can
inuwa yake so, igiya ta hana shi.
Dubi yadda yake ja.
Shi ya fi naka labari."

Ya kife akwatin, tubali biyu suka kwanta a yashi.
"Kuma ina ya taka? Ban ji ƙasa a ƙafarsa ba.
Baƙa ce mai kama takalmi da damina,
ko ja ce? Da safe me ya kurɓa?
In gahawa ce, akwai citta ko babu?"

Na yi shiru. Kwalekwale ya wuce da albasa.

Sai ya ce, "Kakanmu Jatau
ya baro Kazaure da jaki ɗaya da Kande,
Makka a bakinsa, harami a ƙasan jaka.
Shekara bakwai suna tafe suna tsayawa,
nan girbin dawa, can tsinkar auduga.
Da suka iso gaɓar nan cikinta ya tsufa,
ya ce, damina ɗaya kawai.
Duk kaka sai ya ɗinke kuɗi a ɗamara,
duk bazara sai suna ko jana'iza ta farke ɗinkin.
Damina arba'in.
Ranar da ya cika aka kwance ɗamarar,
tsaba uku, an ma daina karɓarsu a kasuwa.
Haramin nan da shi aka rufe shi."

Na ce, wa ya gaya maka?
"Kande. Ita ta ce kifin kogin nan ne ya riƙe shi.
Da Jatau za ka tambaya
zai ce ƙafarta ce ta kumbura.
Bakin da ka zaɓa, shi ne ƙofar ɗakin."
Na ce, amma haka aka yi?
Ya yi dariya har laka ta faɗo daga gemunsa.
"Ƙasar na tarar. Bugun nawa ne."

Da dare aka kunna wa tubalan wuta,
dubu goma a jere, hayaƙi na bin ruwa.
Ya ce wanda bai sha wuta ba
ambaliyar farko za ta mai da shi gida,
haka ma mutumin takarda.
Na yage shafina uku na miƙa wa wutar,
ba su ko ɗumama hannu ba.

Na tambaye shi ƙarshe, yaya ake rufewa?
Yana tura itace da ƙafa ya ce,
"Ni tubali nake sayarwa, ban taɓa yin rufi ba.
Amma ka bar taga."

Na koma gida ina warin hayaƙi.
Fitila ta kusa cinye manta
kafin na sami layin farko:
wani mutum ya sauke jaka a bakin kogi,
ya dubi gabas,
ya ce wa matarsa, damina ɗaya kawai.