Ƙwaƙwalwar Mu Bakwai

Mu bakwai ne, kwamfuta ɗaya,
a shagon cajin Haladu, bayan injin niƙa.
Gwanjo ta zo mana daga Kano, a buhun masara,
murfinta ɗaure da waya,
fankarta na kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta.

Da an busa, an take,
sai ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya tsaya a haka,
ƙwallo ta maƙale a iska,
mu riƙe numfashi har na'ura ta gama tunaninta.
Kafin ta dawo an zura mini.
Kullum nakan ce: ba ni ba ne, ita ce.

Haladu ya buɗe cikinta da tsinin wuƙa,
ya ce ciwon a ƙwaƙwalwa yake,
wata 'yar aba da ba ta kai kwalin ashana ba,
furosesa sunanta, zuciyarta biyu rak,
mu kuwa muna labta mata kayan raƙumi.

Sai muka kafa asusu.
Tasi'u ya zube kuɗin riɗi tiya tara.
Mudi ya yi kwana goma yana acaɓa zuwa Gumel.
Ɗanliti ya sayar da zoɓo tun bai gama bushewa ba.
Ni na yi ƙwadagon yankan gero har tafina ya yi kanta.
Haladu ya sa ribar caji.
Barira ƙanwarsa, mai lallasa mu a tseren mota,
ta fasa bankin awara, ta riƙe littafin lissafi.
Iro, autanmu, zakara ya kawo da ransa,
ya ce a rubuta.
Aka rubuta: Iro, zakara ɗaya.

Daga nan gardama ta tashi, kwana uku.
Tasi'u ya ga wata a waya, mai zuciya takwas,
ya ce ita ko babu.
Mudi ya ce a sayi mafi araha,
canjin a ɗinke hannun wasa da ya tsage.
Ɗanliti yana tare da duk wanda ya yi magana a ƙarshe.

Barira ba ta ce uffan ba,
ta haska tocila a cikin akwatin,
ta kwafi lambar gurbin a bayan hannunta.
Ta ce: allonmu tsohon yayi ne,
mai takwas ba za ta zauna a wannan rami ba,
ko ta zauna, kafin isha'i ta shanye batir,
wayoyin mutanen gari su kwana da yunwa,
sola biyu ne a kan rufin nan, ba madatsar ruwa ba.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mai huɗu muka tsayar, ita ma gwanjo.
Haladu ya bi motar asuba zuwa layin Bairut,
ya ƙi biya sai da aka kunna ta a gabansa,
ya dawo da ita naɗe cikin safa,
da ɗan man toka na rage zafi,
ya ɗiga mata kamar ƙwayar wake.

Tasi'u ya ce tunda kasonsa ya fi,
zamansa a kujera ya fi tsawo.
Barira ta rufe littafi.
Ta ce na'ura ba ta san riɗi daga zakara ba,
minti goma sha biyar kowa,
Iro ne ma zai fara.

Da ni aka haɗa shi.
Ƙwallo ta gangara sumul kamar mai a kasko,
ba tsayawa, ba tari, fanka tana numfashin barci.
Huɗu ya zura mini, ban rama ko ɗaya ba.
Na buɗe baki zan ce ita ce,
na waiga, idanu goma sha biyu suna jirana.
Na ajiye hannun wasa,
na ce bari in je in duba tumaki.