Tokar Laraba, Tokar Murhu

Laraba da asuba Fada Udeme ya dangwala yatsa a toka,
ya zana mini gicciye a goshi,
ya tuna mini ƙasa ce mafari, ƙasa ce makoma.
Saura kaɗan in yi dariya.
Ni da toka ai mun saba,
shekara goma sha ɗaya ina kwashe ta daga murhun tsire
a Agege, dab da layin dogo,
ban taɓa sanin tana da baki ba.

Na shiga danfo da alamar a fuska.
Yaron mota ya ce, "Malam, goge goshinka."
Na ce, bari, mai kayan ne ya sa wa kayansa shaida.

Juma'ar farko na fere nama, na barbaɗa ƙuli,
tsinke ɗari biyu na jera, ko ɗaya bai ga haƙorina ba.
Kitse na ɗiga a garwashi, hanjina na kuka,
na ɗaga kai na ce, Ubangiji, ka gani ko? Rubuta.
Haka nake da kai tun fil azal, ciniki:
ga yunwata, miƙo canji.

Juma'a ta uku, Hanyar Gicciye.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi har gwiwa.
A tasha ta biyar katikis ya karanta labarin baƙauyen nan
da ya shigo birni da harkar gabansa
aka ɗora masa kayan da ba nasa ba.
Na waiga.
Can a bencin ƙarshe, ga Dogara, ɗan garinmu,
kansa a sunkuye kamar dawa ta nuna.
Dubu tamanin na ba shi ya sayi babur,
hukuma ta kwashe babur, shekara uku ke nan,
in ya hango ni sai ya sake titi.

A daren na kasa barci.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon ɗaki ya yi rawa.
Ashe barin nama ba wuya.
Akwai wani nama da nake tauna kullum dare,
ba yaji, ba albasa,
sunan mutum ne, kuma ban taɓa yin azuminsa ba.

Ban tashi da safe na zama waliyyi ba.
Kwana tara ina buɗe littafin bashi ina rufewa,
ina lissafa kuɗin haya, da kuɗin makarantar Tabita,
ina ce maka, kai ba ka biyan haya a Legas.
Ka yi shiru.
Irin shirun uwa da ta san ɗanta zai gama ihu ya zo ya ci tuwo.

Ranar ta goma na yage shafin,
na cusa shi ƙarƙashin gawayi, na ƙyasta ashana.
Dubu tamanin ba ta kai cikin cokali ba da ta zama toka.

Na aika a kira shi. Ya zo yana rarraba ido.
Muka ci wake da garin rogo a kwano ɗaya.
Bai yi godiya ba, bai ma iya magana ba,
loma ce ta tsaya masa, na miƙa ruwa.

Yau ruwan farko ya sauka, kwata ta cika ta tumbatsa,
garwashina ya mutu, ciniki ya watse.
Ista saura kwana nawa? Na daina ƙirgawa.
Na zauna a rumfa, ƙafa a cikin ruwa,
ba abin da na zo karɓa, ba abin da na kawo.
Zauna kusa, Ubangiji, bencin zai ɗauke mu.
Ƙaurin hayaƙi ne a rigata, na san ba ka ƙyama.