Mai Tsaron Bakin Igiya

Kakana Barau bai riƙe sanda a hoton ba.
Shi ne na ƙarshe a layi, can hagu,
mai hoto ma ya yanke masa rabin kafaɗa,
hannayensa a gaba, buɗe, kamar faifai biyu.

Yana ɗan shekara tara ya fara,
bayan kulob ɗin reluwe, gindin ɗorawa.
Nasara su buga, ƙwallo ta faɗa cikin tofa,
ya tsinto, a wurgo masa ɗari, ranar sa'a kwabo.
Wata Asabar ƙwallon ta tashi sama
ta yi tsaye kamar shirwa ta hango tsako.
Bai jira ta sauka ba.
Ya bi ta da baya da baya, ƙafa ba takalmi,
ya cafke. Fili ya yi tsit.
Ƙaramin yatsansa bai sake miƙewa ba har kabari.

A takarda, mai sharar taragu aka rubuta.
Amma duk Loko an san tsintsiyarsa ba ta tsufa:
kurket ake biyan sa, fam biyu da sule goma.
Farin wando, farar riga,
Delu ta wanke, ta sa bula, tana mita:
"Namiji da gemu, ana ba shi albashin bin ƙwallo."

Aikinsa jira ne.
Masu jifa suna da suna, masu bugu suna da tafi,
shi kuwa can bakin igiya, shi da balbelu,
yana jin usur ɗin jirgin Kano,
yana jin kiran la'asar daga Tudun Wada,
awa uku ba abin da ya zo,
sai abu ɗaya ya zo,
ja, mai tauri, ba sallama.

Ya je Kaduna. Ya je Jos,
inda sanyi ke mai da ƙwallo dutsen niƙa.
Sau ɗaya Ikko, a tarago mai lamba uku,
ya ga teku, ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Kubanni ce ta samu wuri."

Shekara goma sha ɗaya.
Folorunso mai rubuta maki ya rantse
ya cafke ɗari da arba'in da 'yan kai.
Littafin, gara ta yi buɗa-baki da shi.
Kaka kuwa guda ɗaya yake ƙirgawa,
wadda ta kuɓuce masa a Kaduna:
rana ta shiga ido, fata ta taɓa tafi,
ta faɗi a ciyawa ba ko ƙara.
"Har yau saukowa take yi," in ji shi,
yana ɓare goro da yatsan nan karkatacce.

Ba wani gwani ne ya kawar da shi ba.
Ramin gafiya ne, da gwiwar dama.
Aka ba shi lauje da bokitin farar ƙasa,
ya riƙa ja wa wasu layin da ya tsare.
Nasara suka naɗe kaya,
samari suka kafa raga, suka koma tamaula,
daga baya raga ma ta tafi, kwano ya zo, shaguna.

Na san shi ido ya yi hazo,
a kan buzu, gindin mangwaron gidanmu a Ƙofar Doka.
Ana hira, reshe ya motsa,
hannun ya tashi da kansa, kafin kunne ya ji.
Ya miƙo mini, da ɗumin rana a jikinsa,
ya ci gaba da zancen tsadar gero.

Jiya na je neman inda yake tsayawa.
Wani mai faci ne a wurin, da kwanon ruwa da tayoyi.
Ya ce, "Malam, iska ko faci?"
Na ce a'a.
Ya ga ina kallon sama, shi ma ya ɗaga kai.