Minti Dubu da Shida

Tankari mai ɗinki ne ke riƙe da kaye,
mai shuɗin bango, gara ta ci masa gefe.
Shekara talatin da ɗaya yana bin wasa da jan bik:
wa ya ci, wa ya ba shi, wa aka kora.
In gardama ta kaure a fada bayan isha
ba mai rantsuwa.
Sai a ce mu je Bilbis, kaye ya raba.

Shafi na arba'in nawa ne.
Nomau Arzika, mai tsaron gida,
minti dubu da shida ba a taɓa ragarsa ba.
Ya ja layi biyu a ƙasa har takarda ta huje.

Wasa sha ɗaya cur, da ɗoriyar minti sha shida.
Mun je Maraɗi, mun je Doso,
mun kwana cikin mota a hanyar Damagaram,
albashi ya yi wata biyu yana tafe,
safar hannuna ta dama kuwa
Tankari ne ya yi mata faci, bai karɓi ko dala ba.

Yau ina kasuwar Tawa, bayan buhunan albasa.
Yara kan zo da salula su karanta mini
wane ya ci ɗari nawa a ƙasar Turawa,
wane ya yi gudun kilomita kaza a dare guda,
har ƙwallon da ya miƙa da wadda ya zubar
inji ya ƙirga.
In ce madalla.
Su ce, Baba, ai kai ma kana da naka.
Sai in sunkuya ina gyara tiya.

Don akwai abin da kaye bai sani ba.

Wasa na bakwai, minti sittin da uku.
An yi ruwa, ya wanke farar ƙasar layi.
Bizo, ɗan gaban baƙi, ya tashi ya sa mata kai.
Na faɗa tare da ita.
Ta wuce.
Taƙi guda ta wuce, na ji jiƙaƙƙiyar raga a gwiwar hannu.
Na jawo ta ƙirji kamar mai ɓoye kazar maƙwabci,
na miƙe, na doka ta sama.
Alƙali na can tsakiyar fili yana share ido.
Bizo ya dube ni.
Ko hannu bai ɗaga ba.
Ya dube ni dai, ya juya.

Ɗari shida da uku, ita ce tawa.
Sauran ɗari huɗu da ukun bashi ne.
Na ci goronsu, na sa rigar da aka ba ni dominsu,
an raɗa wa yara biyu sunana.
Bizo ya koma tuƙin tanka, bara waccan ya rasu.
Na je gaisuwa, na zauna bakin tabarma,
addu'a ta fi ni sauƙin fita.

Yanzu ga wani yaro, Alƙasum, siriri kamar karan dawa,
ya kai ɗari tara da ashirin.
Ran Lahadi in ya tsallake minti tamanin da bakwai
an shafe ni.
Mutane har sun fara zuwa yi mini jaje.
Idon Tankari ya yi rauni,
jikarsa Tsahara ce ke riƙe masa bik.

Na sayi tikiti tun Laraba.
Ba zan hau inuwa wurin manya ba,
can kusurwa zan tsaya, daidai layi,
inda ido ba ya ƙarya.
Allah ka ƙarfafa hannun yaron nan,
ka sauke mini kayan da na ɗora wa kaina.

In kuma ta wuce shi taƙi guda,
alƙali na nesa, ya ɗago ya dube ni,
ban san me bakina zai yi ba.